Shiga take ko fita? Kalmar "ƙarfi" da gangunan matatar Dangote

Ranar Litinin 22 ga Mayun 2023 ni ne a kan teburin fassara a ɗakin labaran gidan rediyon da nake aiki a Kano. Bayan la'asar rahoto ya shigo daga Legas cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe matatar man Dangote da ke Lekki, saura mako guda cif ya sauka daga mulki. Da Turanci rahoton ya zo, kamar yadda aka saba, kuma a cikinsa akwai adadin nan da kowa ya haddace daga baya, ganga 650,000 a rana. Lokacin labarai ya gabato, edita na tsaye a kaina yana duba agogo. Sai na rubuta irin jimlar da hannuna ya saba rubutawa:

"Matatar tana da ƙarfin samar da ganga 650,000 na man fetur a kullum."

Aka karanta ta a labaran yamma, aka maimaita da dare, babu wanda ya ce uffan. Mako guda bayan haka, ranar 29 ga wata, sabon shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ka ce kwabo farashin lita, wanda a hukumance bai kai naira 200 ba, ya haura 500. A shirinmu na kiran waya tambaya ɗaya ta riƙa dawowa daga bakin 'yan adaidaita da masu noman rani: to ina matatar da kuka ce tana da ƙarfi? Sun ji an buɗe, sun ji "tana da", sun ji "a kullum". A kunnen Bahaushe wannan magana ce ta abin da ke gudana yanzu. Ba su yi kuskuren ji ba.

Wanda ya nuna mini inda ɓarakar take shi ne ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana aiki a matatar Kaduna kafin ya yi ritaya. Na je gaishe shi ranar Juma'a, na same shi a zaure da rediyonsa a gefen tabarma. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, kai ka rubuta labarin matatar nan?" Na ce, "Ni ne, Kawu." Ya ce, "Gangar da ka ambata, shiga take ko fita?" Na yi shiru. Ya ƙara da cewa, "Kuma kullum ɗin nan naka, har da ranar da aka kashe wuta ana wankin tukunya?"

Tambayoyin nan biyu su suka sa na koma kan jimlar na warware ta zare-zare, kuma abin da na tarar shi ne wannan rubutu.

Abin da adadin yake aunawa

Ita kanta gangar ba duro ba ce. Idan aka ce ganga, mai sauraro yakan hango duron ƙarfe irin na 'yan bumburutu, mai cin lita 200 da 'yan kai. Gangar 'yan mai ma'auni ce kawai, galan 42 na Amurka, kimanin lita 159, kuma ta samo asali ne daga rijiyoyin man jihar Fensilbeniya tun shekarun 1860. Ganga 650,000 ke nan ta haura lita miliyan 103. In za a zuba su a tankokin mai masu cin lita 33,000, sai an jera fiye da tanka 3,000.

Wannan lita miliyan 103 ɗanyen mai ne, wanda ake ɗura wa matatar. A duk duniya haka ake auna matata, da abin da sashenta na farko zai iya karɓa a rana. Kawu ya zana mini shi da yatsa a kan tabarma. Ana dafa ɗanyen man har zafinsa ya haura digiri 350, a tura shi cikin wata doguwar hasumiya, tururinsa ya tashi ya riƙa rabuwa hawa-hawa. Marar nauyi ya haye sama, iskar gas da nafta, wani mai marar kauri da ake haɗa fetur da shi. A tsakiya a tari kananzir da man jirgi da dizal. Mai kauri ya kwanta a ƙasa, shi ne baƙin mai da kwalta. Fetur ɗin da muke sha a mota ba ya fitowa gamamme daga wannan hasumiya. Sai an kai nafta wani sashe an gyara ta, an kai mai kaurin wani sashen da ke farfasa shi, sannan a haɗa. Saboda haka matata tana iya cin ɗanyen mai tana fitar da dizal alhali ko ɗigon fetur ba ta sayar ba tukuna.

A matatun Amurka, inda aka fi karkata ga fetur, galan 42 na ɗanyen mai yakan ba da galan 19 zuwa 20 na fetur, ƙasa da rabi ke nan. Ita matatar Lekki, alƙaluman da aka bayyana lokacin buɗe ta sun ce in ta kama aiki gadan-gadan za ta ba da kimanin lita miliyan 53 na fetur da miliyan 34 na dizal a rana, sauran kuma kananzir da man jirgi da makamantansu. Jimlata ta yi wa masu sauraro alkawarin lita miliyan 103 na fetur. Na kusa ninka gaskiyar da kalmomi biyu, "samar da", sannan na ƙara "man fetur" inda ya kamata in ce ɗanyen mai.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli a unguwarmu da za ta yi wannan kuskure. Gwaggona ta yi sana'ar shekaru. In ka tambaye ta aikin yau za ta ce ta kai tiya kaza ta gyaɗa inji, ta samu kwalba kaza ta mai, tunkuzar kuma ta yi ƙuli na kaza. Gyaɗa da tiya ake auna ta, mai da kwalba, kuma ba ta taɓa haɗa su a lissafi ɗaya ba. Matsalar harkar man fetur ita ce ganga ɗaya ce ma'aunin shiga da na fita, sai ya zama aikatau ne kaɗai zai bambanta su. "Tace" na nuna abin da ya shiga. "Samar" da "fitar" na nuna abin da ya fito. Mai fassara da ya musanya su ya canza labarin gaba ɗaya, ko da adadin bai motsa ba.

Nauyin da muka ɗora wa "ƙarfi"

Kalmar Turancin da muke fassarawa da "ƙarfi", wato "capacity", tana nufin iyakar abin da wani abu zai iya ɗauka ko aiwatarwa. Akwai kuma wata kalma tasu ta daban, wadda injiniyoyi ke amfani da ita ga abin da ya ratsa ta cikin injin a zahiri cikin wani lokaci. Ta farko tana rubuce a takardar wanda ya ƙera injin. Ta biyu tana cikin littafin mai kula da shi, kuma kullum canzawa take. A ɗakunan labaranmu duka biyun "ƙarfi" muke cewa, in an so a ƙawata a ce "ƙarfin sarrafawa".

Shi kuwa ƙarfi a Hausar yau da kullum siffa ce da ke jikin abu. Mai ƙarfi ko yana barci mai ƙarfi ne. Muna cewa ƙarfin hali, ƙarfin gwiwa, fin ƙarfi, ya fi ƙarfina, mai ƙaramin ƙarfi. A duk waɗannan babu ma'auni, babu lokaci. Ba a cewa ɗan dambe yana da ƙarfin naushi hamsin a rana. Da muka ɗauko kalmar muka liƙa mata adadi da "a kullum", sai muka haɗa abu biyu da ba sa zama tare: siffa da ba ta gushewa, da aiki da ke iya tsayawa gobe. Mai sauraro ya ɗauki tabbacin siffar ya ɗora wa aikin. Kwanan nan ma matasa sun aro kalmar Turancin kanta, suna cewa wane akwai kafasiti, suna nufin yana da hali ko yana da faɗa a ji. Wannan ma yabo ne, ba awo ba.

Masu aiki da inji ba haka suke magana ba. Bayan hirarmu da Kawu na je Kura wani aiki, garin da kowa ya san shi da shinkafa, na tsaya a wata rumfar casa. Ɓuntu ya rufe ko'ina, har gashin idon yaran da ke ɗura shanshera ya yi fari. Na jira mai injin ya rage wuta, na tambaye shi ƙarfin injinsa. Ya dube ni, ya ce doki kaza ne, yana nufin injin da ke juya bel. Na ce ba wannan nake nufi ba, aikin da yake yi nake tambaya. Ya ce, "Au, cinsa kake nufi, Malam. In akwai wuta, bel bai tsinke ba, shinkafar kuma ta bushe sosai, zai ci buhu 40 kafin magariba. Jiya dai 22 ya ci." Ban tambaye shi abin da yake fitarwa ba, shi ya ƙara da kansa cewa wannan ya danganta da shinkafar, wata tana da ɓuntu da yawa, wata tana karyewa.

A numfashi ɗaya mutumin nan ya raba abu huɗu da ni na cakuɗa a jimla ɗaya. Ƙarfi na injin da ke juyawa ne. "Zai ci" shi ne iyakar da zai iya kaiwa, kuma bai faɗe ta ba sai da ya jero sharuɗɗanta. "Ya ci" shi ne abin da ya faru. Abin da yake fitarwa kuma lissafi ne na daban, kuma gaskiyarsa ce, domin shanshera in aka cashe ta kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ɓuntu ne, ga dusa, abin da ke saura shinkafa bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba.

"Ci" ita ce kalmar da Hausa ta riga ta tanada. Mota tana cin mai, riga ta ci yadi goma, gini ya ci buhun siminti ɗari, aiki ya ci kwana uku. Ba na cewa ba ta da nata ruɗanin, domin muna cewa tanki yana cin lita hamsin ko ɗaki yana cin mutum ɗari, a nan kuwa abin da zai ɗauka a tsaye ake nufi. Amma da zarar an ƙara lokaci, a awa ko a wuni ko a wata, babu Bahaushen da zai ruɗe. Randa tana cin tulu biyar, wannan girmanta ne. Gidan yana cin tulu biyar a rana, wannan abin da ke wucewa ne. Irin wannan bambanci ne tsakanin rumbun waya da gudun intanet ɗinta, kuma yaran da ke sayar da data sun fi mu kiyaye shi.

Wata goma sha shida

Abin da ya biyo bayan bikin buɗewa shi ya fi komai nuna tazarar da ke tsakanin "za ta iya" da "tana yi". Jirgin farko na ɗanyen mai, ganga miliyan ɗaya daga rijiyar Agbami, sai a Disambar 2023 ya iso. A Janairun 2024 aka fara fitar da dizal da man jirgi. Fetur kuwa sai a Satumbar 2024, wata 16 bayan ranar da na rubuta cewa tana samar da shi a kullum. Ga wanda ya san aikin babu abin mamaki a nan, sabuwar matata sashe-sashe ake tayar da ita, kuma sassan fetur su ne na baya. Ga wanda ya ji labarinmu kuwa, wata 16 ne na zargin cewa an yi masa ƙarya ko ana ɓoye man.

Sai kuma maganar abincin matatar. Ganga miliyan ɗaya adadi ne mai cika kunne, amma in matatar tana ci iyakar cinta, kwana ɗaya da rabi zai yi mata. A wata guda tana buƙatar ganga miliyan 19 da rabi, kusan jirgi 20 irin wancan. Nijeriya gaba ɗaya abin da take haƙowa a 'yan shekarun nan yana kai-kawo ne a wajen ganga miliyan ɗaya da rabi a rana, kuma ba duka ne na gwamnati ba, akwai kason kamfanonin haɗin gwiwa, akwai wanda aka riga aka ci bashi a kansa. Shi ya sa aka ga matatar da ke bakin tekun Legas tana sayo ɗanyen mai daga Amurka. Ko tsarin sayar mata da ɗanyen mai da naira, wanda ya fara ranar 1 ga Oktoban 2024, ganga 385,000 a rana aka ambata a cikinsa, bai kai kashi 60 cikin ɗari na abin da za ta iya tacewa ba. Wani lokaci rijiya ta bayar guga ya hana, wani lokaci kuma gugan lafiya lau, rijiyar ce ta ja baya. Kalmar "ƙarfi" girman gugan kaɗai take faɗa.

Mu a Kano bai kamata a ce sai an je Legas za mu gane wannan ba. Masana'antar tumatir da ke Kadawa, wadda ta fara aiki a 2016, an gina ta ne don ta sarrafa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. A shekarar ce tsutsar nan da aka laƙaba wa Ebolar tumatir ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya don babu abin da za ta ci. Injinan ba su rage komai daga ƙarfinsu ba a ranakun da suke tsaye.

Tambayar Kawu ta biyu, ta ranar wankin tukunya, ita ma tana da gurbi a lissafin injiniyoyi. Suna da awo iri biyu. Akwai abin da matata za ta tace a ranar da komai ke tafiya daidai, awa 24 ba tsayawa. Akwai kuma abin da za a samu in aka ɗauki aikin shekara aka raba shi da kwana 365, har da ranakun gyara da na lalacewa. Na biyun kullum yana ƙasa da na farkon, domin babu matatar da ba a kashe ta a yi mata garambawul duk bayan 'yan shekaru. Hausa tana da "a rana" tana da "a kullum", kuma ba ɗaya suke ba. "A rana" ma'auni ne. "A kullum" alkawari ne cewa babu fashi. Na zaɓi na biyun ne don ya fi daɗin faɗa a makirfo.

Matatun da "suke da ƙarfi"

Inda kalmar ta fi yin ɓarna ba a kan sabuwar matata ba ne, a kan tsofaffin ne. Shekara da shekaru muna karanta cewa matatun gwamnati huɗu suna da ƙarfin tace ganga 445,000 a rana: biyu a Fatakwal masu 60,000 da 150,000, ta Warri mai 125,000, ta Kaduna mai 110,000. Adadin daidai ne a takarda. Tsohuwar ta Fatakwal tun 1965 take, ta Warri 1978, ta Kaduna 1980, sabuwar ta Fatakwal 1989. Amma mun ci gaba da cewa "suna da ƙarfi" har a shekarun da ba sa tace komai, ƙasar tana shigo da kusan duk fetur ɗinta daga waje. A Maris ɗin 2021 gwamnati ta amince da dala biliyan ɗaya da rabi don gyaran ta Fatakwal. A Nuwambar 2024 aka sanar da cewa tsohon sashenta ya tashi, a Mayun 2025 aka sake rufe shi don gyara. A duk tsawon wannan lokaci jimlar "tana da ƙarfin tace ganga 60,000" ba ta taɓa zama ƙarya ba a takarda, kuma ba ta taɓa gaya wa mai sauraro abin da yake son sani ba.

Kawu ya ce ko a zamanin da matatar Kaduna ke aiki, su ma'aikata ba sa ambaton 110,000 a tsakaninsu. Ɗanyen man daga kudu yake zuwa ta bututu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wani ɓangaren matatar ma, na man giris da kwalta, an tsara shi ne don irin ɗanyen mai mai kauri da ake shigowa da shi daga waje. In bututu ya samu matsala, shi ke nan. Tambayar da suke yi wa juna in an zo canjin aiki ita ce, nawa muke ci yau?

Maƙwabtanmu na Damagaram suna da tasu matatar, SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwambar 2011, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. In aka jera ta da ta Lekki a ma'aunin "ƙarfi", ba ta kai kashi ɗaya cikin talatin ba. Amma a shekarun da manyan matatunmu masu 445,000 ke kwance, ita tana aiki, har manta yana tsallakowa kasuwannin arewacin Nijeriya.

Yadda muka ƙare a ɗakin labarai

Na kai maganar gaban edita, na ce mu daina "ƙarfi" mu koma "ci". Bai yarda ba, kuma hujjarsa ta fi tawa. Ya ce a labarin da ya shafi mai da gwamnati da biliyoyin kuɗi, in ka ce matata tana cin ganga kaza, rabin masu sauraro ɓarna za su ji, kamar motar da ke cin mai, sauran rabin kuma su ji wani cin na daban. Wani abokin aikinmu ya ce a ƙirƙiro suna guda, ya kawo "yawan sarrafawa" da "adadin tacewa". Ba su yi muni ba, amma duk sanda muka sa su a jimla sai ta yi nauyi, kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi: "yawan sarrafawar matatar ya kai kaza." Babu mai magana haka.

A wajen gwada jimlolin ne muka lura cewa muna neman suna ne kawai don Turanci da suna ya zo. Turancin injiniyoyi yana son ya tara aiki ya mayar da shi suna. Hausa a kan aikatau take tafiya, kuma 'yan ƙananan kalmomin da ke gabansa sun riga sun yi rabon da muke nema. "Za ta iya tace ganga kaza a rana", wannan iyakarta ce. "An gina ta don ta tace", wannan niyyar masu ita ce. "Tana tace ganga kaza", wannan halin da ake ciki ne yanzu. "Takan tace", wannan matsakaicin abin da aka saba gani ne. "Ta tace ganga kaza a watan jiya", wannan lissafin da aka rufe ne. Jimla biyar, ma'ana biyar, babu baƙuwar kalma ko ɗaya, kuma kowace a cikinsu tana tilasta wa mai fassara ya san wanne rahoton yake nufi kafin ya rubuta. Ina ganin wannan tilascin shi ne babban amfaninsu. "Tana da ƙarfi" tana ba ka damar rubuta labari ba tare da ka fahimce shi ba, kuma abin da ya faru da ni ke nan ranar 22 ga Mayu.

Ba mu kori "ƙarfi" gaba ɗaya ba. A kanun labari, inda daƙiƙa ke da tsada, "mai ƙarfin tace ganga 650,000" tana nan, muddin jimlar da ke biye ta faɗi ko ana tacewar. Mun bar ta kuma a inda take gidanta, kamar ƙarfin injin da ake aunawa da doki. Ko a wutar lantarki mun koyi raba "za ta iya ba da megawat kaza" da "tana bayarwa", domin madatsun Kainji da Jebba da Shiroro abin da suke bayarwa yana bin yawan ruwan da ke bayansu. "Ci" kuma muka ajiye ta don shirye-shiryen bayani, inda akwai lokacin kawo misalin injin casa, kuma a can babu kalmar da ta kai ta saurin shiga kunne. Sharaɗi ɗaya muka ɗaure kanmu da shi ba sassauci: duk inda ganga ta fito, sai an faɗi ta mece ce, ɗanyen mai ko tatacce.

Har yanzu ina jin tsohuwar jimlar a wasu tashoshi, ina kuma ganinta a Facebook, wani lokaci da "ganga" ta rikiɗe ta zama "lita". Ba na ganin laifin masu rubutawa sosai, na san yadda agogo yake matsa mutum. Amma wanda ke ƙarshen wayar manomi ne da ke lissafin man injin ban-ruwa, ko direban da ke tunanin ko ya ci bashi ya sayi mota, kuma da abin da muka faɗa masa yake yin lissafin.

A Oktoban 2025 Alhaji Aliko Dangote ya sanar da shirin faɗaɗa matatar zuwa ganga miliyan 1.4 a rana, adadin da zai sa ta wuce ta Jamnagar da ke Indiya, matatar da ta fi kowace girma a duniya. Rahoton ya sake faɗowa a kan teburina. Na rubuta cewa kamfanin ya ce yana shirin faɗaɗa matatar, ta yadda in an kammala aikin za ta iya tace ganga miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu na ɗanyen mai a rana, adadin da ya kusa kai duk abin da Nijeriya ke haƙowa a yanzu. Jimlar ta fi ta farko tsawo da kusan daƙiƙa goma, edita ya karanta ya bar ta yadda take. Da na je gaishe da Kawu a makon, rediyon na nan a gefen tabarma. Ya ce ya ji labarin, sannan ya tambaye ni ko an faɗi inda za a samo ɗanyen man.